Wa Ke Bin Wani, Ƙafa Ko Kalangu?

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki. Na daɗe ina yawo da kyamara a gidajen biki na unguwannin Garwa, a nan arewacin Kamaru, Hausare ne, Fulɓere ne, Lainde ne, wani lokaci har Pitowa da Gidar idan ango mai hali ne. Duk wanda ya jima a wannan aiki ya san rawa ko da shi bai iya ɗaga ƙafa ba, don kusan rabin abin da muke ɗauka rawa ce. Ka san wanda ya shigo fili don liƙi, ka san wanda ya shigo don a gan shi, ka kuma san wanda kiɗa ne ya taso shi daga kujera ba tare da ya yi shawara da kansa ba. Wannan na ƙarshen shi nake farauta da kyamarata kullum, kuma saboda shi na shiga harkar fim.

Fim biyu na yi, duka na rawa, na biyun ci gaban na farko ne. Na farkon ya karɓu fiye da yadda na zata. Na biyun ya fi shi cin kuɗi, ya fi shi kyan hoto, 'yan rawar cikinsa sun ƙware nesa ba kusa ba, amma bai zauna a ran kowa ba. Na daɗe ina juya wannan al'amari a zuciyata kafin in gane inda gizo ke saƙa.

A hunturun ƙarshen 2021 muka ɗauki na farko. Akwai samari biyar a unguwarmu da ke taruwa bayan isha'i a bayan wani shagon cajin waya suna gwada taku. Kupe-dekale suka fi yi, rawar nan da 'yan Kwaddibuwa suka fito da ita a farkon shekarun 2000 ta mamaye duk ƙasashen da ake jin Faransanci, suna gauraya ta da abin da suke gani na 'yan Amurka a YouTube. Ɗayansu wani siririn yaro ne mai aikin moto, wato haya da babur, da rana, shi na ba jarumi. Labarin ba shi da tsawo. Yaro ne ɗan makaɗin kalangu, yana jin kunyar sana'ar ubansa, domin masu biki yanzu dije suke ɗaukowa da manyan lasifikoki, tsohon kuwa sai ya yini a rumfar mahauta ba wanda ya neme shi. Yaron ya shiga gasar rawa yana ɓoye ko shi ɗan wane ne.

Wanda ya fito a matsayin uban makaɗi ne na gaske, dattijon da ya gaji kalangu iyaye da kakanni, irin gidan da ke yi wa Sarkin Fawa da mahauta kiɗa. Baba muke ce masa. Da na je nemansa sai da na riƙa goro, na durƙusa na yi masa bayani har sau biyu. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ni fa ban iya ƙarya a gaban mutane ba." Na ce, "Baba, ba ƙarya za ka yi ba. Zama kawai za ka yi da kalangunka kamar yadda ka saba." A kan haka ya yarda.

A rubuce, ƙarshen fim ɗin shi ne yaro ya ci gasa da kiɗan dije, uban yana leƙensa daga nesa. Daren da muka zo ɗaukar wannan fitowa mun tara jama'a a wani fili, 'yan kallo na gaske, yara da matasan unguwa da mata a bakin zaure, sai wuta ta ɗauke. Lasifika ta yi shiru, fitilu suka mutu, mu kuma ba mu da injin wuta. 'Yan moto da suka zo kallon abokinsu suka kunna fitilun baburansu suka haska fili don kada a tattake juna. Mutane suka fara zamewa. Baba, wanda tun la'asar yake zaune da kalangu a hammata ba a ce ya kaɗa ba, sai ya ɗauki gula ya fara taɓawa a hankali, ba don fim ba, don dai ya tsayar da jama'a. Jarumin yana tsaye a tsakiyar fili. Na ga kafaɗarsa ta motsa. Batirin kyamarata da sauran rai, sai na danna, na ja da baya har na same shi daga kai zuwa ƙafa, na kafe a nan.

Minti huɗu da 'yan kai ban yanke ba. Yaron bai taɓa rawar kalangu a gaban mutane ba, sai ya shiga da takun da ya sani, Baba kuwa ya zuba wa ƙafarsa ido. In ya yi sauri kalangu ya bi shi, in ya tsaya cak Baba ya matse hammata ya siranta murya ya jira, in ya juya a ba shi amsa. Ƙura tana tashi cikin hasken babura. Da aka gama wurin ya yi tsit na ɗan lokaci, can sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Washegari na yage shafin ƙarshe na labarin.

Mu a nan ba mu da gidan sinima. Manyan sinimomin da suka rage a Kamaru sun rufe tun Janairun 2009, sababbin da aka buɗe daga baya kuma suna can Yawunde da Duwala. Sinimarmu ita ce wayar hannu, dillalanmu kuma su ne yaran da ke zaune da kwamfuta a bakin kasuwa suna tura fim a kati, dala ashirin, wato sefa ɗari, ko abin da ya samu. Sai muka yi katari da lokaci. A Janairun 2022 Kamaru ta karɓi gasar cin kofin Afirka, kuma rukunin Najeriya a nan Garwa ya buga, a filin Rumde Ajiya. Sun ci Masar, sun ci Sudan, sun ci Gini-Bisau, kafin Tunisiya ta fitar da su a nan ɗin dai. Kusan mako biyu garin cike yake da mutanen Yola da Mubi da Kano, kuma da yawansu sun koma gida da fim ɗinmu a waya. Kuɗi kam ba mu gani ba, amma sai ga saƙonni ta WhatsApp daga garuruwan da ban taɓa takawa ba. Kusan kowane saƙo da tambaya ɗaya yake ƙarewa: yaushe na biyu zai fito?

Wannan tambaya ita ta ruɗe ni. A finafinan Kano da muka tashi muna kallo, waɗanda ke shigo mana ta Yola da Mubi tun zamanin kaset, na biyu yawanci ba sabon fim ba ne. Labari ɗaya ne aka ɗauka lokaci guda aka raba gida biyu, aka tsaya daidai inda hankalin mai kallo ya tashi. Irin wannan bai da wuya, don ana bin mai fim bashin labari, sai ya zo ya biya. Namu kuwa ya riga ya ƙare. Uba da ɗa sun shirya a bainar jama'a, ba wanda ke bin wani ko dala. Mutanen da ke cewa na biyu ba ci gaban labari suke nema ba, abin da suka ji a ƙirjinsu a wancan minti huɗun suke so su sake ji. Ban bambance waɗannan biyun ba a lokacin.

Wani Alhaji ɗan kasuwa ya aika aka kira ni. Ya ce, "Malam, nawa zai ci a yi wanda ya fi wancan?" Na faɗa masa, ya bayar bai rage ba. Sharaɗinsa biyu ne, a cika waƙoƙi kuma a fitar da shi ranar ƙaramar salla. Har yau ban ga laifinsa ba, mutum ne da ya so abin garinsu ya ci gaba. Ni ne da na zauna rubutu ban tambayi kaina me ya rage a ran yaron nan da zai sa shi sake shiga fili ba. Abin da na yi shi ne na jera abubuwan da mutane suka yaba, rawa da gasa da Baba da ɗaukewar wuta, na ce kowanne a ninka shi. Labarin da ya fito daga wannan lissafi shi ne wasu 'yan rawa sun zo daga Yawunde sun ƙalubalanci yaranmu, ƙungiya ta rabu saboda wata yarinya, aka shirya, aka yi gasa, aka ci.

Azumin 2023 ya kama wajen 23 ga Maris, don haka dole mu gama ɗauka kafin a ga wata. Wanda ya san Garwa a Maris ya san abin da nake nufi, zafi yana kai maki 40 har ya wuce. Ba a iya rawa sai daga bayan asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar, tsakanin nan kowa yana kwance a inuwa da jiƙaƙƙen tsumma a ka. Kwana goma sha biyu muka yi a haka, da kyamara uku, da injin wuta, da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama da muka yi haya.

Ba zan rage wa fim ɗin haƙƙinsa ba, akwai abin da ya yi wanda na farko bai ko kusa da shi ba. Yaran sun shekara guda suna atisaye da sanin cewa ana kallonsu, jikinsu ya faɗa, takunsu ya daidaita, mutum biyar sai su juya kamar igiya ɗaya ta ja su. A na farko akwai wuraren da nake kau da kyamara don in ɓoye wanda ya kuskure, a na biyu babu abin ɓoyewa. Kawo 'yan kudu ma dabara ce mai kyau. Samari ne ɗalibai da ma'aikata da ke zaune a nan garin, suka zo da bikutsi, kiɗan mutanen Beti na yankin Yawunde, wanda ma'anar sunansa a harshensu ita ce dukan ƙasa. Rawarsu daga kafaɗa da gadon baya take, jiki yana karkarwa ƙafa tana dukan ƙasa, tamu kuwa ta fi ba da ƙarfi ga sauyin ƙafa da juyi. Ranar da muka haɗa su a kan yashin Binuwai ƙasa da gada, da sanyin safiya, wani masunci yana ta gargaɗinmu kada mu matsa bakin ruwa saboda dorina, na ga abin da ban taɓa gani a gidan biki ba: kowane ɓangare yana satar takun ɗaya yana mayar masa da shi da nasa salon. Wannan riba ce da sai na biyu ke iya samu, don mai kallo ya riga ya san yaranmu, ba sai an ɓata lokaci wajen gabatar da su ba, ana iya kai su inda za su gamu da wanda ba irinsu ba.

Amma abin da ya fi komai kyau a fim ɗin ba ni na tsara shi ba. Yayata ce. Da ta ji labarin akwai yarinya a ciki ta ce, "Kai yanzu 'yar mutane za ka sa tana juyi da namiji a bakin kogi kamar 'yan Indiya? A garin nan?" Na ce, "Yaya, to ya za a yi, Alhaji waƙoƙi yake so." Ta ce in bar mata. Gida gida ta bi ta nemi izinin iyaye, ta tara 'yan mata goma sha biyu, ta koya musu gaɗa irin wadda suka yi a dandali suna yara, wadda 'yan matan yanzu da yawa ba su taɓa yi ba. Ba ganga, ba fiyano, tafi ne kawai da murya. Suna tsaye rabin da'ira cikin atamfa da mayafi, ɗaya ta fito ta ba da waƙa, ta juya baya ta saki jiki ta faɗo, sauran su tare ta su cilla ta, ta dira ta ci gaba. Ta kafa mini sharaɗi cewa ba namijin da zai shiga tsakar gidan sai ni, kuma da kyamara ɗaya. Haka aka yi, da daddare, da fitila biyu. A labarin, yarinyar tana shakkar ko ƙawayenta za su tare ta bayan ta yi musu laifi, sai ta tsaya a tsakiya tana jinkiri, ana ta tafi ana jiranta. Da ta rufe ido ta faɗo, ni da ke riƙe da kyamara sai da gabana ya faɗi. Har yau wannan fitowa ce kaɗai daga na biyun da nake gani mutane sun yanko suna tura wa juna.

Daga baya na gane dalili. Akwai gwajin da nake yi yanzu wa kowane fim na rawa da na kalla, namu ko na waje: in cire wannan rawar, labarin zai karye ko zai wuce abinsa? A na farko rawa uku ce kacal, kuma ba wadda za ka cire. A ta farko muka san yaron ya iya, a ta biyu aka tona asirin ko shi ɗan wane ne, a ta uku ya koma ga ubansa. A na biyu rawa bakwai ce, shida daga ciki za ka iya zare su ka ajiye gefe labarin bai san an yi ba. Gaɗa ce kawai ke ɗauke da kaya a ka. Sauran ana yinsu ne don lokacin waƙa ya yi. Mai kallo ba zai iya faɗa maka haka da baki ba, amma babban yatsansa ya sani, sai ya tura gaba.

Sai maganar tacewa. Da kyamara ɗaya ba ka da zaɓi, dole ka tsaya nesa ka bar mai rawa ya yi aikinsa. Da uku sai kwaɗayi ya shiga. Yaron da ya tace mana fim gwani ne, a bidiyon waƙoƙi ya koyi aiki, ni kuma ina zaune kusa da shi cikin azumi ina cewa ƙara nan, yanke can. Kowace daƙiƙa ɗaya ko biyu hoto ya canza: fuska, ƙafa, sama, 'yan kallo, tafiyar hawainiya, fuska kuma. A kan kwamfuta abin yana da ƙayatarwa. Sai dai rawa jimla ce, tana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma mun daddatsa ta har ba a gane wanda ya iya da wanda bai iya ba. Juyin da jarumin ya yi wata uku yana koyo, mun raba shi gida huɗu, duk wanda ya gani zai ce dabarar kwamfuta ce. Ɗan jirgin kuwa ya nuna kyan kogi da gada da duwatsun Tingilin daga nesa, amma daga sama mutum tururuwa ne, ba ka ganin nauyin da ya sauke a ƙasa. Ashe wannan tsohuwar magana ce a wurin masu abin. Fred Astaire, shahararren ɗan rawar finafinan Amurka na shekarun 1930, an san shi da dagewa a ɗauke shi daga kai har ƙafa kuma a rage yanka iyakar iyawa. Abin da talauci ya koya mini a fim na farko ke nan, da kuɗi suka zo na manta.

Harshe ma mun taɓa shi. A Garwa mutum yakan fara magana da Hausa, ya ratsa da Fillanci, ya rufe da Faransanci, kuma a na farko haka na bar yaran suna yi, don ban ma san wani abu ne ba. A na biyu, da yake ina hangen kasuwar Najeriya, na sa su gyara baki su yi Hausar Kano. Suka riƙa magana kamar masu karanta wasiƙa. Wani ɗan Kano da muke gaisawa ya rubuto mini cewa abin da ya burge su a na farko shi ne jin Hausar da ba irin tasu ba, yanzu kuma mun kawo musu abin da suke da shi a gida, wanda sun fi mu iyawa.

Duk waɗannan da sauƙi. Wanda ke ci mini rai shi ne abin da na yi wa Baba.

Tsarin da aka gada daga finafinan Indiya, wanda Kano ma ke bi, shi ne a fara buga waƙa a situdiyo, sannan a je wurin ɗauka a kunna ta, 'yan wasa su bi ta da baki da jiki. Tsari ne mai amfani, musamman da kyamara uku, domin in kiɗa ɗaya ne ba ya canzawa, kana iya maimaita rawa sau goma ka haɗa hotunan su dace. Don haka na ɗauki Baba a moto na kai shi situdiyo. Ɗaki ne ƙarami da aka liƙe da katifa, aka sa masa abin ji a kunne, inji yana ƙirga masa lokaci, tak, tak, tak. Ya duba dama ya duba hagu ya ce, "Ina mai rawar?" Na ce, "Baba, sai daga baya zai yi." Ya ce, "To wa zan yi wa kiɗan?" Na ba shi haƙuri. Ya kaɗa. Mai situdiyo ya zaɓi ɗan guntun da ya fi daidaita da ƙirgen inji, ya maimaita shi ya maimaita, ya ɗora fiyano a kai. Waƙa ta fito tsaf, har ana sa ta a gidajen biki.

Kalangu ba haka yake ba. Fata biyu ce da tsirkiya ta haɗa, makaɗi yana matsawa da hammata yana saki, murya ta hau ta sauka yadda maganar Hausa ke hawa da sauka, shi ya sa ake cewa yana magana. Yana kiran mutum da takensa, yana yi masa kirari, yana zuga shi, in ya ga ya gaji ya sassauta masa. Makaɗi ba kansa yake saurare ba, ƙafar mai rawa yake karantawa, mai rawa kuma yana sauraren abin da aka ce masa. Magana ce tsakanin mutum biyu, kuma ita ce mutane suka gani a daren babura. Ni kuma na cire mutum ɗaya daga cikin zancen na sa inji a gurbinsa.

Daren gasar ƙarshe na na biyu, na maimaita ɗaukewar wuta. Na sa aka kashe injin da gangan, na jera babura ashirin maimakon bakwai ko takwas na wancan karon, na ce Baba ya fito daga cikin duhu. Amma kiɗan daga lasifika yake fitowa, wanda aka buga a situdiyo, don kyamarori uku su samu abu ɗaya. Baba yana riƙe da kalangu yana ɗaga gula yana saukewa ba tare da ta taɓa fata ba, kada sautinsa ya ɓata na lasifika. Sau shida muka maimaita. Mutumin da ya ce mini bai iya ƙarya a gaban mutane ba, na tsayar da shi gaban unguwa guda yana kaɗa iska. Bai ce mini komai ba, kara ya yi mini. A lokacin hankalina yana kan haske da batir da azumin da ke tafe, ban ma lura ba.

Washegarin salla muka nuna shi da majigi a wani babban tsakar gida, an cika maƙil. An yi tafi a wurin bikutsi. Wurin gaɗa mata suka ɗauki waƙar da baki, har da tsofaffi. Da aka zo gasar ƙarshe, jarumi ya shiga fili, kafin komai ya faru wani yaro daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Yanzu za a ɗauke wuta!" Aka kuwa ɗauke. Wurin ya kwashe da dariya, ba ta mugunta ba, irin dariyar wanda ya canki abu ya dace. Ba wanda ya yi guɗa. Mutane suka fito suna cewa, "Sannu da ƙoƙari, hoto ya yi kyau." A na farko ba wanda ya yi mini maganar hoto.

Alhaji ya mayar da wani abu daga cikin kuɗinsa ta hanyar waƙoƙin, biyu daga cikin yaran kuma yanzu ana gayyatarsu rawa har Marwa da Ngaundare, ina murna da wannan ƙwarai. Ana tambayata na uku. Ban ce a'a ba, amma ban ɗauki alƙalami ba, domin har yanzu ban samo abin da zai sa yaron nan ya sake shiga fili wanda in bai shiga ba wani abu zai lalace masa.

Bayan damina ta sauka, aikin biki ya yi sauƙi, na koma kan faifan ajiya na nemo hoton kyamarar da muka kafa nesa a daren gasar, wadda ta ɗauki komai daga kai har ƙafa ba yanka. Na ɗauki kwamfuta na tafi gidan Baba bayan la'asar. Na gaishe shi, na ce, "Baba, na zo neman gafara ne, na kuma zo ka duba mini wani abu." Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Kunna mu gani." Na kashe sautin na kunna. Yana zaune a kan tabarma yana kallon ƙafar yaron, yatsunsa suna taɓa gwiwarsa. Can wajen tsakiya ya ce in tsayar, in mayar baya kaɗan. Ya nuna da yatsa.

"Ka ga nan? Nan ya so ya tsaya. Dubi diddigensa, ya riga ya dasa shi. Kiɗan ne bai jira shi ba, sai ya bi."

Na mayar har sau uku kafin in ga abin da yake nufi. Ɗan jinkiri ne da bai kai ƙiftawar ido ba, diddige ya kafe, kafaɗa ta ja baya, sai kuma jiki ya saki ya bi lasifika. Ni na ɗauki hoton, na zauna wata guda a kansa wajen tacewa, ban gani ba.

Ya miƙa hannu ya jawo kalangun daga inda yake rataye, ya sa a hammata, ya ce in sake mayarwa daga farko.